Sarkin Fawan Turanci da Saniyar Uwani

Allah ya yi wa kowane gari tasa baiwar. Wani gulbi, wani albasa, wani kasuwar shanu. Mu mutanen Horo Birni da ya tashi yi mana, sai ya ba mu Malam Sharhabilu. Har yau ba mu gama godiya ba, don shi kansa Malam ba ya bari mu manta.

Malam Sharhabilu ya yi karatu mai zurfi. Mako uku cur ya yi a Boɗinga wajen wani kwas na malaman firamare, ya dawo mana da takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, da tabarau wanda babu likitan da ya rubuta masa, da wata sabuwar tafiya ta kamar yana tsoron kada ilimin ya zube. Idan yana ba da labarin zaman nan yakan ce, "lokacin da nike waje," sai ya tsaya yana kallon nesa, har baƙo ya zaci teku ya ƙetare. Mu da muka san babur na kai mutum Boɗinga ya dawo da shi kafin azahar, sai mu sunkuyar da kai don girmamawa.

A kwas ɗin ne aka buɗe masa sirrin da ya zo ya raba mana. Ashe kalmar Turanci rago ce. Tana da kai, tana da gangar jiki, tana da wutsiya. Kan shi ne ɗafa-goshi, gangar ita ce saiwa, wutsiyar kuwa ɗafa-ƙeya. Wanda ya iya kayar da ita ya feɗe, zai san ma'anarta ko da bai taɓa ganinta ba. Ka ɗauki talabijin. Malam zai sare mata kai ya ɗaga sama, ya ce wannan nesa ke nan. Ya ɗaga gangar, ya ce wannan kuma gani. Gani daga nesa. Ranar da ya fara yi mana haka a bakin masallaci, wani tsoho ya ce shi shekara talatin yana kallon abin bai san daga nesa yake gani ba. Tun daga ranar muka naɗa Malam Sarkin Fawan Turanci. Mu da wasa muka yi. Shi ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

Kada in ci haƙƙinsa, hanyar tana aiki. Akwai 'yan garinmu da suka riƙe ta suka ci jarrabawa, suna can birnin Sakkwato suna karatu. Abin da ya rage wa Malam ɗan kaɗan ne: ya iya yanka, ya iya fiɗa, amma bai taɓa ɗora tukunya ba. Lukman tela ya taɓa kai masa littafin sabon keken ɗinkinsa ana saura kwana goma Sallah, yana son a gaya masa inda ake zuba mai. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya kama kalmar farko ta shafin farko, ya bi ta har gidan kakanninta a ƙasar Rum. Da aka sauko idi suna layi na huɗu. Lukman ya yi ɗinkin Sallarsa da tsohon keke, amma ya samu ilimi, kuma ya zama ɗalibi don kunyar ya karɓi littafinsa.

Makarantar tana zauren gidan mahaifin Malam. Sunanta Cibiyar Nazarin Saiwa da Goshi da Ƙeya ta Ƙasa da Ƙasa. Tana da benci biyu, da allo ɗaya, da akuyar maƙwabta wadda ba ta taɓa fashi ba. A nan yakan tsaya ya gyara tabarau ya ce, "Ku kalma kuka ji, ni cikinta nika gani. Bature da kainai in yaz zo nan, sai na hwaɗa mishi abin da kakanninai sunka nuhwa."

Abu biyu ne Malam ba ya ƙauna a duniya. Na farko lamba. "Lamba marainiya ta," in ji shi. "Ba ta da goshi, ba ta da ƙeya, ba a san uwayenta ba. Mai ilimi ba shi zama da ita." Na biyu rubutun ajami, wanda da shi aka yaye shi kamar kowa a garin, amma tun da ya dawo daga waje ya ce idonsa ya daina kama shi.

To, Malam yana da yaya, sunanta Uwani. Ita ta goye shi. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya da farar saniya guda, nagge a bakin garinmu, mai suna Wule. Nonon Wule shi ne furar da Uwani ke sayarwa, shi ne cefanenta, shi ne dalilin da ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da ƙwarya ba, har da ƙofar ƙanenta mai ilimi. Idan Wule ta faɗi, Uwani ta faɗi. Kowa a garin ya san haka, kuma ana cikin damina sai Wule ta daina tuƙa, ta kwanta, numfashinta na fita da ƙyar.

Ranar ta zo daidai da tafiyar Malam zuwa garin Shagari. Wakilin hakimi zai zo washegari ya buɗe sabon allon Cibiya, kuma Malam ya ji ƙishin-ƙishin cewa sarautar da muka ba shi da wasa za a iya tabbatar masa da ita da rawani. Ya ciro babbar rigarsa ta shuɗiyar shadda, wadda ita kaɗai ce, ya hau babur zai je karɓo allon. Uwani ta tare shi a hanya, ta roƙe shi ya biya shagon Ɗanbaba ya karɓo wa Wule magani. Ba ta so ta aike shi ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Ɗanbaba shi ne mai sayar da maganin dabbobi a Shagari, kuma yana da wata al'ada da duk makiyayan yankin suka sani. Kwalaben suna zuwa da Turanci, suna faɗin awo bisa nauyin dabba, mu kuwa ba a taɓa ɗora saniya a sikeli a garinmu ba. Shi Ɗanbaba da ido yake aunawa. Ya san shanun mutane kamar yadda ya san 'ya'yansu. Sai ya yanki farar filasta, ya manna a kan kwalbar, ya rubuta da biro cikin ajami: saniyar wane, layi kaza na sirinji, wuri kaza, kwana kaza. Shekara ashirin ke nan ba a taɓa jin filastar Ɗanbaba ta kashe dabba ba.

Ya saurari ciwon Wule, ya ɗauko wata ƙaramar kwalba, ya rubuta, ya manna. Ya ce, "Malam, wanga magani sabo na, kuma shina da ƙarhi. In anka rage ba shi aiki, in anka ƙara nagge ta tahi. Ga shi na rubuta." Ya maimaita awon da baki har sau biyu. Malam bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan allon shagon, inda ya hango kalmar betinari, kuma ya ga bai kamata ya bar bawan Allah yana zaune shekara ashirin ƙarƙashin kalmar da bai san asalinta ba. Ya bayyana masa cewa a bakin Rumawa tana nufin dabbobin ɗaukar kaya. Ɗanbaba ya yi godiya, ya kulle shago, ya hau motar shanu zuwa kasuwannin bakin iyaka, inda waya ba ta shiga.

Malam na fitowa ya duba kwalbar, ransa ya ɓaci. An rufe Turanci da ajami. Ya sa farce ya ɓamɓare filastar, ya yar da ita ba tare da ya kalla ba. Ta faɗi rigingine a kan kujerar babur, gefen danƙon yana sama. Sarkin Fawa ya ɗaure allonsa, ya tattara babbar riga, ya zauna daram, ya kamo hanyar gida.

Bai kai wa Uwani kwalbar ba. Cibiya ya wuce da ita, ya aika a gaya mata magani ya iso, ana kan bincike.

Bayan azahar sai ga Sulaiman, Bafillacen makiyayi maƙwabcin Uwani, wanda shi ke yi wa shanun unguwar allura. Ya tarar da Malam zaune a kujerarsa kamar an dasa shi. Ya gaida shi da ladabi, ya juya kwalbar, ya tambayi ina filastar. Malam ya ce ya 'yanta takardar daga jahilci. Sulaiman ya tambayi layi nawa zai zuƙa. Malam ya ce wannan tambayar lamba ce, kuma ba zai bari a soki dabbar yayarsa da kalmomin da ba a feɗe ba. Sulaiman ya kira wayar Ɗanbaba sau bakwai, muryar matar kamfanin waya tana ba shi haƙuri. Ya ce shi ba zai yi cinke da sabon magani a jikin saniyar baiwar Allah ba, ya koma ya zauna da Uwani suna yi wa Wule fifita.

A Cibiya kuwa an yi fiɗa ta gani ta faɗa. Malam ya rubuta kalmar farko a allo, antibayotik. Ya sare kai: anti, wato gaba da abu. Ya ɗaga ganga: bayo, wato rai. Kafin la'asar labari ya kai wa Uwani cewa sunan maganin Maƙiyin Rai, ta fashe da kuka. Kalma ta biyu ta fi daɗi, intiramaskula. Intira ciki ne, maskul tsoka ce, amma a can asali ɗan ɓera take nufi, don Rumawa sun ga tsokar dantse tana motsi kamar ɓera a ƙarƙashin fata. Malam ya naɗe hannun riga don ya nuna wa ɗalibai ɓeran. Aka duba sosai, ba a same shi ba.

A nan ne ɗalibai suka fara ganin abin. Duk lokacin da Malam ya juya zai yi rubutu, sai ga farar filasta a bayan rigarsa, daidai mazauni, da layukan ajami a jere. Mu kuwa mutane ne masu tarbiyya. Wanda ya ga rubutu irin wannan manne a jikin mutum ya san laya ce, kuma ba a karanta layar wani. Kowa ya kawar da kai. Lukman tela ya raɗa wa na kusa da shi cewa dama ya faɗa, Turanci irin wannan ba a samunsa da mako uku sai da taimako. Kafin magariba rabin gari ya san inda asirin Malam yake, ana ta mamakin wurin da malaminsa ya zaɓa. Matarsa Safiya ma ta gani da ta karɓi rigar za ta goge. Ta ce a ranta mace ba ta shiga tsakanin miji da layarsa. Ta rufe ido, ta ɗora dutsen guga mai zafi a kai, ta danne sosai don kada ta faɗi ranar taro.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Cibiya. Wakilin hakimi ya iso da mutanensa, dattijo mai haƙuri, aka zube aka yi gaisuwa. Malam ya tashi jawabin maraba, riga na ƙara don sitaci. Ya ce, "Allah shi ba ka nasara, Allah shi ja zamaninka. Yau za ka ga abin da ko birni ba su gani ba. Ga kwalba, kalma sittin da ukku a jikinta. Jiya na kada biyu. Yau gabanka za ni kada ta ukku, don a san Horo Birni ba ta sayen Turanci kilo-kilo, da rai muka kama shi."

Wakili ya tambaya a hankali ko maganin wane ne. Malam ya ce na wata dabba ce, ba ita ce darasin ba.

Yana rufe baki sai ga dabbar. Amalanke ya shigo fili, bijimin Sulaiman na ja, Wule kwance a ciki an tallafe mata kai da buhu, idonta ya faɗa. Uwani na biye, mayafinta a karkace, fuskarta ta kumbura. Na san Uwani tun ina yaro, ban taɓa ganinta ta shiga taron maza ba, kuma ganinta haka ya sa na ji kunyar dariyar da na yi jiya. Ta durƙusa ta gaida Wakili yadda ya kamata, ta nemi gafara. Sannan ta juya ga ƙanenta.

"Sharhabilu," ta ce. Ba Malam, ba Sarki. "Ni ban zo jin ɓera ba. Ka hwaɗa wa Sulaiman layi nawa. In wagga nagge tam mutu, ban da kowa, ban da komi."

Malam ya yi murmushin manya. Ya ce wa Wakili, ranka shi daɗe, haka gaggawar jahilci take, tana son nama ba ta son fiɗa. Ya ce a ba shi sa'a biyu kacal. Ya juya mata baya, ya ɗage hannayen babbar riga bisa kafaɗa, ya duƙa zai fara rubutu daga ƙasan allo, don sama ta cika da ɓeran jiya.

Duk taron ya kawar da kai, har da Wakili, wanda shi ma labari ya riga ya iske shi. Uwani kaɗai ba ta kawar ba. Shekara ashirin tana karanta hannun Ɗanbaba, ta san yadda yake karya wasali kamar yadda ta san tafin hannunta.

"Tsaya nan," ta ce. "Kak ka motsa."

Lukman ya matso, ya ce Inna a yi hattara, layar Malam ce.

"Laya?" in ji Uwani. "Wurin ga ni niw wanke shi da hannuna shekara arba'in da sunka wuce. Yau za a ce kar in duba?"

Ta dafa gadon bayansa da hannu ɗaya, yadda ake dafa ɗan maraƙi, ta sunkuya ta karanta da ƙarfi don Sulaiman ya ji. Naggen Uwani. Yau layi goma sha biyu, gobe takwas, jibi takwas. A tsokar wuya. Kada a sha nononta sai bayan kwana bakwai. Malam ya yi yunƙurin miƙewa, ta mayar da shi. Ta ce akwai sauran layi ɗaya ya shige cikin ninkin riga, ya ƙara duƙawa. Wakili, daga bayan rawaninsa, ya ce a yi yadda ta ce. Sarkin Fawan Turanci ya ƙara duƙawa.

Layin ƙarshe gajere ne, Uwani kuma ba ta rage masa komai ba: "A ba Uwani hannu da hannu. Kada a bari Malam shi tsaya bayani."

Ba wanda ya yi dariya, don muna gaban manya. Kafaɗun Wakili dai sun yi ta rawa, ya ce tari ne. Sulaiman ya zuƙi goma sha biyu, ya yi bisimilla, ya soka.

Aka zo ɓamɓare filastar a ba Uwani, ta ƙi fita. Gugar Safiya ta yi kyau ƙwarai, ta zama ɗaya da shadda. Lukman ya duba da idon sana'a ya ce sai dai almakashi. Malam ya ce a kashe shi ya fi a taɓa rigar. Sulaiman kuwa ya ce shi ba ya allura da abin da aka riƙe a ka, sai ya ga rubutu da idonsa, haka ya saba da Ɗanbaba. Wani ya ce a kwafe a takarda, Uwani ta ce ta gama aiken kowa, hannun Ɗanbaba take so. Wakili ya auna, sannan ya yanke hukunci mai adalci: kada a yanka riga, kada a wanke ta, Malam ya sa abarsa ya je gidan yayarsa gobe da jibi da safe. Maganar rawani kuma, ya ce za a duba.

Haka aka yi. Kwana biyu a jere da safe, Malam Sharhabilu ya ratsa gari cikin shuɗiyar shadda, ya shiga gidan Uwani, ya gaishe ta, ya juya wa saniya baya, ya duƙa. A rana ta biyu ya gwada yi wa Sulaiman bayanin asalin kalmar sirinji daga inda yake duƙe, Uwani ta ce ya bari, numfashinsa na motsa rubutun. A rana ta huɗu Wule ta miƙe da kanta ta ja ciyawa. Uwani ta yi kuka, ta yi dariya, kuma da kwana bakwai suka cika ta aika wa ƙanenta da ƙwaryar nono ta farko, don jini ba ya ƙarya.

Ba a sake jin maganar rawani ba. Amma kada a ɗauka Malam ya karaya. Makon jiya wani ya ji shi a tashar Boɗinga yana gaya wa baƙi cewa akwai wata saniya a garinsu da likitoci suka sallama, sai da aka zo aka karanta a wurinsa ta tashi. Ya ce Wakilin hakimi na wurin, a je a tambaya.

Ni shaida ne, bai yi ƙarya ba. A wurinsa aka karanta. Duk rubutun da Malam Sharhabilu ya yi ta yawo da shi tun da ya dawo daga waje, wannan ne aka karanta aka ɗora tukunya. Yanzu babu yaro babu babba a Horo Birni da bai haddace shi ba, layi goma sha biyu, takwas, takwas. Mutum ɗaya ne a garin har yau bai taɓa ganinsa ba.